Gidajen abincin Asiya masu haɗa na ƙasashe da yawa: me mutum zai ci a ciki?

Zee_Birmingham
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu zuwa Ingila da waɗanda suka zauna a ƙasashen Asiya. 'Yan ajinmu sun shirya fita cin abinci ranar Juma'a da daddare saboda mun gama jarrabawa, wurin da suka zaɓa kuma irin gidajen nan ne da ke sayar da abincin Japan da Tailan da Chaina da Biyetnam duk a wuri guda. Na duba menu ɗinsu a intanet kaina ya ɗaure: ramen, pad thai, nasi goreng, katsu kari, gyoza, pho, bao. Ko ɗaya ban taɓa sa wa a baki ba. Ba su rubuta halal ba, kuma na ga naman alade a wasu. In je ne ko in ba da uzuri? In kuma na je, me zan ce a kawo mini? Ba wurin manya ba ne, irin na ɗalibai da ma'aikata ne.

Bakatsine_Asali
Wa alaikumus salam. Ki dafa shinkafa da wake da mai da yaji ki cika cikinki kafin ki fita, in kin je ki ce a kawo miki ruwa. Shawara kyauta.

MamanAmira_Leeds
Ƙanwata ki je. In kika fara ba da uzuri tun yanzu, haka za ki gama digirin nan ba ki san kowa a ajinku ba. Dokar da nake bi mai sauƙi ce: duk inda ba su da shaidar halal, ba na cin nama ko kaza, kifi da jatan lande da kayan lambu kawai. Pad thai na jatan lande ki fara da shi. Taliyar shinkafa ce ake soyawa da ƙwai da tsamiya da ɗan sukari, a barbaɗa dakakkiyar gyaɗa, a ajiye miki yankan lemon tsami a gefe. Bakinmu ya san tsamiya da gyaɗa, ba za ki sha wahala ba. Sai dai ki ce a kawo barkono, don yadda suke yi wa Turawa zaƙi ya fi yawa.

Injiniya_Nagoya
Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne ramen, wato taliyar Japan mai romo. Mutanenmu da yawa suna ganin an rubuta ramen na kaza sai su ɗauka shi ke nan, alhali matsalar a romon take. Wanda ake kira tonkotsu, mai farin romo kamar an zuba madara, ƙashin alade ne ake tafasawa awanni masu yawa har ya narke. Asalinsa daga yankin Fukuoka ne a kudancin Japan. Ko wanda romonsa ya fito garau ma, a nan Japan galibi ana gauraya ƙashin kaza da na alade, sannan yankakken naman da ake ɗorawa a sama, chashu, alade ne. Gyoza ma haka, niƙaƙƙen alade da kabeji ake cusawa cikin ɗan kwaɓin fulawa in ba an faɗa miki akasin haka ba. Sannan ki lura da tonkatsu, sunan ya yi kama da na farko amma shi soyayyen naman alade ne da aka tsoma a garin burodi. Katsu kari da ake sayarwa a Ingila yawanci na kaza ne, wasu wuraren kuma suna yin na dankalin Hausa da gauta, wannan za ki iya ci.

Zee_Birmingham
Na gode Anti MamanAmira, na gode Injiniya. Wallahi ramen ɗin na fi sa wa ido saboda hotonsa ya fi kyau. Allah ya sa na tambaya.

Almajirin_Malam
Ni dai ban ga abin da zai kai Musulma wurin da ake dafa alade a kicin ɗaya ba. Ko kifi aka kawo miki, a wane kasko aka soya shi? Da wane ludayi aka juya? Annabi (SAW) ya ce ka bar abin da ke sa ka kokwanto zuwa abin da ba ya sa ka kokwanto. Birmingham fa ake magana, ba wani ƙauye ba. Coventry Road da Alum Rock da Ladypool Road cike suke da gidajen abinci na Musulmi. Ki ce musu a sauya wuri mana.

Zee_Birmingham
Malam, mu kusan ashirin ne kuma ni kaɗai ce Musulma. An riga an kama tebur.

Kuku_Wuse2
Bari in sa baki, don na yi aiki a kicin ɗin irin wannan gidan abinci a Abuja, ƙarƙashin wani kuku ɗan Asiya. Tambayar Almajirin_Malam kan kasko tana kan hanya. Kaskon da ake kira wok ba a wanke shi da sabulu tsakanin faranti da faranti. Ana gama soya abu sai a watsa ruwa a kan wutar, a goge da buroshi, a zubar, a zuba mai, a ci gaba. Wutar tana da ƙarfi sosai, abinci ɗaya minti biyu ko uku ya isa, shi ya sa yake fitowa da ɗan ƙamshin hayaƙi. Mu wurinmu ba a shigo da alade kwata-kwata, to wannan bai dame mu ba. Amma inda ake yi, ki sani kaskon ɗaya ne sai in sun ware na masu cin ganye. Man suya mai zurfi ma haka, wanda aka tsoma gyoza a ciki shi za a tsoma jatan lande.

Abu na biyu da mutane ba su sani ba: miyar da ake zubawa ba a gabanki ake haɗa ta ba. Tun da safe ake haɗa ta a manyan robobi. To in kin ce wa mai kawo abinci kar a sa giya, zai iya cewa to, amma in an riga an zuba ta a robar tun safe babu yadda za a cire. Tambayar da ta fi amfani ita ce: wanne ne daga cikin abincinku miyarsa ba ta da giya tun asali? Masu dafa abincin Chaina suna da giyar shinkafa da ake kira Shaoxing, da ita ake jiƙa nama. 'Yan Japan suna da mirin da wata mai suna sake, su ma giyar shinkafa ne. Teriyaki dai ki manta da shi, asalin haɗinsa ruwan waken suya ne da mirin da sake da sukari.

Hajjo_Kumasi
Ikon Allah. Teriyaki da 'ya'yana ke so? Ni na ɗauka zuma ce ke sa shi sheƙi.

Mai_Sinadari
Hajiya Hajjo, ki duba kwalbar da kike saya, akwai waɗanda ake yi ba giya musamman don kasuwar Musulmi, za ki ga tambarin halal a jiki. Mirin na asali kuwa barasar da ke cikinsa ta kai wajen kashi 14 cikin ɗari. Kuma maganar da ake yi cewa wuta tana ƙone ta duka ba haka take ba. Tana raguwa, amma a suyar minti uku ba ta ƙarewa.

Sai dai kar mu haɗa wannan da ruwan waken suya, wato baƙin ruwan nan mai gishiri da ke kan kowane tebur. Shi waken suya ne da alkama da gishiri ake bari su tsima na watanni, a cikin tsimawar ake samun 'yar barasa kaɗan, abin da bai fi kashi 2 ko 3 ba. Ba zuba ta aka yi ba, kuma gishirinsa ba zai bar mutum ya sha abin da zai bugar da shi ba. Hukunci na malamai ne, ni bayanin yadda ake yin sa kawai na kawo.

Almajirin_Malam
Abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Wannan hadisi ne.

Mai_Sinadari
Haka ne Malam, amma hadisin na magana ne kan abin da mai yawansa ke bugarwa. Wa ka taɓa ji ya bugu da ruwan waken suya? Ko kunun zaƙi ya kwana ana samun wani abu a ciki.

Sadiq_KL
Na yi karatu a Maleshiya, kuma can ne na gane cewa abincin Asiya da alade ba tagwaye ba ne. Indunusiya ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi ko tana cikin biyun farko, Maleshiya ma Musulmi ne mafi rinjaye. Nasi goreng, rendang, satay, nasi lemak, duk abincin gidajen Musulmi ne. Rendang na mutanen Minangkabau ne a yammacin Sumatra, naman sa ake dafawa a madarar kwakwa da kayan ƙamshi har ruwan ya ƙafe naman ya yi duhu. Ko a Tailan, massaman kari daga Musulmi ya samo asali.

A Kuala Lumpur hukumar JAKIM ce ke ba da takardar halal, kuma ba wasa suke yi ba, har kicin da wurin ajiye kaya suke dubawa. Akwai gidajen da za ka ga sun rubuta babu alade babu kitsensa. Abokanmu 'yan ƙasar sun koya mana cewa wannan ba takardar halal ba ce, don bai ce komai kan yanka ko giya ba. A Singafo kuma hukumar MUIS ke bayarwa. Zee, nasi goreng ɗin da kika gani soyayyar shinkafa ce da ruwan waken suya mai zaƙi, da soyayyen ƙwai a sama. Ki tambaya ko za su yi miki na jatan lande kaɗai ba kaza.

Abin da ke ba ni haushi da irin gidajen nan na Turai shi ne ba ka samun ko ɗaya yadda yake a gidansu. Kuku ɗaya ba zai ƙware a abincin ƙasa shida ba. Sambal ɗin da na ci a Landan, wato miyar barkonon Malayawa, ko yaro ba zai sa hawaye ba.

Bakatsine_Asali
Satay ɗin nan ba tsire ba ne kawai? Na gani a bidiyo. Nama a tsinke, gawayi, gyaɗa. Sun zo Kano sun kwafa.

Sadiq_KL
Kama dai suka yi, ɗan'uwa. Mu ƙuli-ƙuli muke dakawa mu shafa wa naman ya bushe a jikinsa. Su jiƙa naman suke da kurkur da lemun giras da sukari, gyaɗar kuma miya ce daban mai kauri da ake tsomawa, a haɗa da kokwamba da albasa da curin shinkafa. Akwai zaƙi a nasu. Garin Kajang kusa da Kuala Lumpur ya yi suna a kansa. Da mu da su duk baƙuwa ce gyaɗar a wurinmu, daga Kudancin Amurka ta fito. Barkono ma haka, Turawan Fotugal ne suka kai shi Asiya a ƙarni na 16.

Bakatsine_Asali
Tsire da sukari. Allah ya kyauta.

Alhaji_KantinKwari
'Yata Zee, Allah ya ba da sa'ar karatu. Mu da muke zuwa Gwanzu sayen kaya tun ba a san waya mai hoto ba mun sha wannan gwagwarmaya. Da farko garin kwaki da ƙuli-ƙuli da kilishi muke ɗaurowa a jaka. Daga baya muka gane akwai Musulmi 'yan Chaina, ƙabilar Hui, masu shagunan taliyar Lanzhou. A unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka ke sauka suna nan birjik. A gabanka yaro zai ɗauki curin fulawa ya ja, ya ninka, ya sake ja, kafin ka ƙifta ido ta zama taliya, ya jefa a tukunya. Romon naman sa ne, da yankan farin radish da man barkono. Alamar da muke dubawa haruffa biyu ne, 清真, galibi a kan koren allo. A 'yan shekarun nan an rage rubutun Larabci a alluna, amma waɗannan haruffan suna nan. Akwai kuma na Uighur 'yan Xinjiang, masu gasa naman rago da burodi mai faɗi da dafa-dukar shinkafa da karas.

Abin da nake so in ce miki, ki bincika, da wuya a rasa irin waɗannan a babban gari a Ingila. Wannan karon ki bi 'yan ajinku ki ci kifi. Wani karon ke ki gayyace su wurin Musulmi, su ma su gani.

DanZinder_227
Gaisuwa ga Alhaji. Tambaya gare ni ga malamai. Ana ta cewa a ci jatan lande da ƙaguwa da ire-irensu. Mu nan Damagaram kifin tabki muka sani. Waɗannan ƙwarin ruwan duk sun halatta?

Almajirin_Malam
A mazhabar Malikiyya da muke bi, dabbobin teku duk halal ne. Suratul Ma'ida aya ta 96 ta ce an halatta muku farautar teku da abincinsa, kuma a Muwaɗɗa akwai hadisin da ya ce teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi, shi ya sa za ka ga wasu 'yan Pakistan a Ingila ba sa cin ƙaguwa. Ni matsalata ba jatan landen ba ce, kaskon ne, da kuma teburin. Ba wanda ya taɓo wannan: 'yan ajin nata za su sha giya a teburin da take zaune, kuma akwai hani a kan haka.

MamanAmira_Leeds
Malam, wannan gaskiya ne kuma kowa da yadda yake yi da shi. Ni a walimar wurin aiki ina zuwa da wuri, in zauna a ƙarshen tebur, in ci abincina, kafin shaye-shaye ya yi nisa na yi sallama. Ban ce fatawa ba ce. Amma Zee, ga abin da ya fi kusa da ke: kuɗi. Ɗabi'arsu ce in an kawo bil a raba daidai wa daida. In kika yi shiru, ke da kika sha ruwa za ki biya kuɗin giyar wani. Tun kafin a fara oda ki ce ke naki za ki biya daban, ba wanda zai ji haushi, na'urar katin za a kawo kowa ya biya nasa. Ki duba ƙasan takardar kuma, tebur mai mutane da yawa sukan ƙara kuɗin hidima, kashi 10 ko 12.5 cikin ɗari. Tun watan Oktoba na 2024 doka ta tilasta a ba ma'aikata wannan kuɗin gaba ɗaya, shi ya sa ni ba na cewa a cire. Ruwan famfo kyauta ne a duk inda ake sayar da giya, amma sai kin ce na famfo, in ba haka ba na kwalba za a kawo a caje ki.

Sannan doka ta wajabta musu su faɗi abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa, riɗi, ƙwai, waken suya, kifi da jatan lande. Yawancinsu suna da takarda ta musamman. Alade da giya ba sa cikin goma sha huɗun, amma in kin nemi takardar sukan turo manaja, shi kuma ya fi yaran sanin abin da ke cikin miya.

Ummu_Sultan
Ni tsinkayen cin abincin ne damuwata. An taɓa kai ni irin wurin nan a Dubai, ina ta kokawa da taliya tana zamewa, mai gidan yana ta dariya. Da yunwata na koma masauki.

Injiniya_Nagoya
Ai da kin nemi cokali mai yatsu, ba abin kunya ba ne. Mutanen Tailan kansu da cokali da cokali mai yatsu suke cin shinkafa, sai taliya mai romo suke ɗaukar tsinke. Malayawa da hannun dama suke ci kamar mu. Masu tsinke na haƙiƙa su ne Chaina, Japan, Koriya da Biyetnam. In za ki gwada, abu ɗaya ki kiyaye: kar ki soke su a tsaye cikin shinkafa, haka ake yi wa mamaci a al'adarsu. Zuƙar taliya da ƙara kuwa a Japan ba rashin ladabi ba ne, shagon ramen da rana sai ka ɗauka gasa ake yi.

Nafi_Gwarinpa
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Duk lokacin da na ci abincin 'yan Chaina sai ƙishirwa ta dame ni har cikin dare. An ce farin magi suke zubawa da yawa. Gaskiya ne yana da illa?

Kuku_Wuse2
Muna sawa, amma ɗan kaɗan. Ƙishirwar daga gishiri take. Ruwan waken suya gishiri, ruwan kifi da ake tsimawa gishiri, miyar kawa gishiri, duk a faranti ɗaya.

Mai_Sinadari
Kuku ya faɗi gaskiya. Farin magi wani masanin sinadarai ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya fara fitar da shi a 1908 daga ciyawar teku da suke yin romo da ita, a 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Yau daga rake ko rogo ko masara ake yin sa ta hanyar tsimawa. Sinadarin da ke ba shi ɗanɗano yana cikin tumatir da cuku da daddawa ma. Tsoron da ake yi masa ya samo asali ne daga wata wasiƙa da aka buga a wata mujallar likitoci a Amurka a 1968, gwaje-gwajen da aka yi daga baya kuma ba su tabbatar da illar ba a gwargwadon da ake sa wa a abinci. Mai hawan jini dai ya yi hattara da abincin gaba ɗaya saboda gishirin.

Nafi_Gwarinpa
To ni dai kakata ta ce da shi ake cire tabo a farin kaya, kuma ban ga dalilin da zan ci abin wanki ba.

Bakatsine_Asali
Lemon tsami ma ana wanke tukunya da shi, Hajiya.

Hajjo_Kumasi
Wai duk wannan baƙunta da muke yi, ba abincin Asiya muke ci kullum ba? Indomie ta Indunusiya ce, tun 1972 ake yin ta can, sai a shekarun 1990 aka buɗe masana'anta a Ota. Shinkafar Tailan kuwa wace biki ce ba a dafa ta ba? Ga awara. Ranar da na ga an rubuta tofu a menu da tsada, aka kawo na ga awara ce ba yaji, na yi dariya har na ƙware.

Sadiq_KL
Hajiya kin tuna mini. Zee, in kin ga tofu ki san awara ce, sai dai tasu wani lokaci tana da laushi sosai, ba a soya ta ta yi ƙarfi kamar tamu. Ɓangaren masu cin ganye zalla shi ya fi sauƙi gare ki, ba nama ba romon ƙashi. Amma shi ma ki tambayi maganar giya, don mai cin ganye ba ruwansa da mirin.

Zee_Birmingham
Na dawo da rahoto. Na kira su tun ranar Alhamis kamar yadda Kuku ya nuna, na ce wanne ne miyarsa ba giya. Matar ta duba ta ce pad thai da koren kari na Tailan ba su da ita, kuma suna da kasko daban na masu cin ganye. Pho ɗinsu romon ƙashin sa ne da citta da kirfa da kanumfari, ƙamshinsa ya cika wurin, amma tunda ba yankan Musulmi ba ne na haƙura. Koren kari na kayan lambu da awara na ci, da farar shinkafa, da ɗanyen waken suya da ake dafawa a cikin kwasfarsa a barbaɗa gishiri. Madarar kwakwa da zaƙi a cikin miya sun zo mini baƙo, cokali uku na farko ina ta tunanin ko kunu nake ci da shinkafa, daga baya ya shige. Dogayen bencuna ne kowa a jere, kuma ba a jira a kawo na kowa lokaci ɗaya, nawa ya zo na kusa da ni bai zo ba sai da na kusa cinyewa. Na biya nawa daban, na tafi kafin su wuce mashaya. Na gode muku duka.

MamanAmira_Leeds
Madalla ƙanwata. Wannan tsarin na benci da kawo abinci da zarar ya nuna gidan abincin Wagamama ne ya yaɗa shi a ƙasar nan. Alan Yau, haifaffen Hong Kong, ya buɗe na farko a unguwar Bloomsbury ta Landan a 1992, ya kwaikwayi shagunan ramen na Japan, sauran suka bi. Nufin shi ne ka ci da zafinsa ka tashi wani ya zauna.

Almajirin_Malam
Alhamdu lillahi da kika yi bincike. Amma har yanzu ina kan bakata. Maganar mata a waya ba shaida ba ce, ba ki shiga kicin ɗin kin gani ba.

Alhaji_KantinKwari
Malam, a Sabon Gari ma in ka sayi balangu ba ka ga yankan ba. Mutum yana tambaya, yana kiyayewa, saura ya bar wa Allah.

Almajirin_Malam
Da bambanci, Alhaji. A Kano asali shi ne mahauci Musulmi ne. Can asali akasin haka ne.

Alhaji_KantinKwari
Shi ya sa ba ta ci nama ba ai.

Ummu_Sultan
Zee, tsinken fa? Kin gwada?

Zee_Birmingham
Cokali na nema tun ina zama, Anti. Wata 'yar Tailan a ajinmu ma cokali ta ɗauka.

DanZinder_227
To sushi fa? Ɗana da ke karatu a Yamai ya ce abokansa sun kai shi wani wuri an kawo ɗanyen kifi a kan shinkafa. Yamai ina, teku ina? Ni wannan ya fi ba ni tsoro da maganar giya.

Injiniya_Nagoya
Tsoronka na da dalili, Baba. Ba kowane sushi ne ɗanye ba, akwai na kokwamba, na ƙwai, na dafaffen jatan lande. Amma ɗanyen dole ya kasance kifin teku da aka daskarar da shi sosai don kashe tsutsa, kuma bai narke a hanya ba. Kifin kogi ko na tabki kar a kuskura a ci shi ɗanye. A garin da wuta ke ɗaukewa ni dafaffe zan zaɓa. Ya kuma tambaya game da shinkafar, don wasu suna ɗiga mirin a ruwan tsamin da ake gauraya ta da shi.

Kuku_Wuse2
Mu a Abuja kifin salmon a daskare yake zuwa ta jirgi, janareta kuma ba a kashe shi saboda firizar. Ka ce wa yaron ya duba ko wurin na da ciniki. Inda kujeru suke wayam ranar Asabar da daddare, kifin ya daɗe a ajiye.

Nafi_Gwarinpa
Kuku, tunda kana nan, ruwan kifin nan da ka ambata ana samunsa a kasuwar Wuse ko sai manyan kantuna? Ina so in gwada pad thai ɗin a gida, amma ba farin magi.